Kafin ka biya kuɗin i7, tambayi shekarunta

Ɗan ƙanwata ne ya ɓata min rai a makon nan. Yaron ya fara koyon rubuta manhaja, sai ya kwashe abin da ya daɗe yana tarawa ya sayo kwamfutar tebur mai gilashi a gefe, fitilu ja da shuɗi sai walwali suke kamar motar amarya. Yana ta murna: “Kawu, i7 ce fa!” Da na duba, i7-3770 ce, wadda Intel ta fitar tun 2012. RAM giga 4, ga tsohon faifan ajiya mai juyawa yana ta ƙugi a ciki.

Ban ga laifinsa sosai ba. Masu shago sun gano cewa da zarar sun ambaci i7, mai saye ba ya ƙara tambayar zubi na nawa ce. Alhali a lambar da ke biye zancen yake. Ita i5-8500 ta 2018 ƙwaƙwalwa shida gare ta, waccan i7 huɗu, kuma nesa ba kusa ba ta fi ta gudu. Ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga zubi na takwas take farawa. Wanda ya san wannan ya yi shiru ya karɓi kuɗin ɗalibi, ba ciniki ya yi ba, ha'inci ya yi, ko da a sahun gaba yake salla.

Mai rubuta manhaja RAM yake ci. Buɗe Android Studio, ka kunna wayar gwaji a cikinta, ka ƙara shafukan Chrome goma, giga 8 ma sai ta fara haki. Nemi 16, ka haɗa da SSD. Katin hoto mai tsada na masu wasanni ne da masu horar da ƙirƙirarriyar basira. Kai da ke koyon Python me ya haɗa ka da shi? Tsofaffin injinan ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, ba su da kwalliya ko kaɗan, amma ana buɗe su a ƙara RAM duk ranar da aljihu ya yi nauyi.

Za a ce laftof tana da batir. Gaskiya ne.  Har yau mutum na tsakiyar aiki za a ɗauke wuta, ba sallama. Don haka kuɗin UPS yana cikin kuɗin kwamfuta, ba sai daga baya ba. Ƙananan samfurin injinan ofis ɗin nan kuwa, masu cajar wat 65, ƙaramar sola ma tana riƙe su.

Yaron dai na sa ya ƙara RAM da SSD, ya ɗora Ubuntu, ya lallaɓa. Kai da ba ka saya ba tukuna, sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka karanta lambar da idonka.