Darajar Jinkiri a Fim Ɗin The Innocents

Masu zargin finafinan gothic da jan ƙafa, wato finafinan da ake gina labarinsu a kan tsohon gida mai ɓoyayyen tarihi da zukatan da shakka ta addaba, ba su yi musu adalci ba, kuma The Innocents, wanda Jack Clayton ya ba da umarninsa a 1961, ya isa hujja. An samo labarin daga littafin Henry James na 1898, inda wata mai reno, wadda Deborah Kerr ta fito a matsayinta, take zuwa gidan Bly a karkarar Ingila domin kula da marayu biyu, sannan ta fara ganin fatalwowin ma'aikatan gidan biyu da suka rasu. Tun da babu maƙwabcin da zai gaskata ko ya ƙaryata ta, mai kallo yana buƙatar lokaci kafin ya fara tunanin ko taɓuwar hankali ce ke damunta. Saboda haka jinkirin wajibi ne, domin gaggawa za ta warware shakkar da fim ɗin ya dogara a kanta.