Daga Bindigar Kara zuwa Bindigar Tubali: Wasan Pixel Gun 3D a Ma'aunin Nazarin Wasannin Yara

Manazarta al'adun Hausawa sun yi rawar gani wajen taskace wasannin dandali. An bayyana langa da dara da carafke da wasannin tashe, an rarraba su gida-gida, an kuma fito da darussan da ke ƙunshe a cikinsu. Sai dai wani sashe na lokacin wasan yara da matasa, musamman a birane, ya koma cikin wayar hannu, mu kuwa har yanzu idonmu yana kan dandalin da ke ta raguwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wasannin waya sun cancanci shiga fagen nazarinmu, kuma idan sun shiga, abin da ya fi dacewa mu fara tuhuma shi ne wanda ke riƙe da dokar wasan. Za a ɗauki wasan Pixel Gun 3D a matsayin misali.

An fitar da wannan wasa a shekarar 2013 domin wayoyin Android da iPhone, kuma ana sauke shi kyauta. Ɗan wasa yana kallon fage da idon mayaƙin da yake sarrafawa, ba ya ganin komai na jikin mayaƙin sai hannu da makami. Ta hanyar intanet ake haɗa shi da wasu 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, a raba su rukuni biyu su fafata, ko kowa ya yi ta kansa, ko a yi tseren ƙwace tutar abokan karawa. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin harbi shi ne siffarsa. Mutane da gidaje da bishiyoyi duk an gina su da murabba'ai kamar an jera tubala, salon da wasan Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, ya yayata a duniya. Wannan siffa ta 'yar tsana ita ke sa iyaye su leƙa wayar yaro su kau da kai, domin abin ya fi kama da zanen yara fiye da fagen fama.

Da zarar an ambaci wasan harbi, tambayar farko da ke zuwa bakin malami ko uba ita ce ko zai koya wa yaro ta'addanci. Tambaya ce mai dalili, musamman a yankin da ya ɗanɗana masifar bindiga. Amma ya kamata mu yi wa tarihinmu adalci. Yaran Hausawa sun daɗe suna fafe kara su yi bindiga, su ɗaure tsumagiya su yi baka, su raba kansu runduna biyu a bayan gari. Kwaikwayon yaƙi tsohon abu ne a wasan yara maza. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ma, a matsayar da ta fitar a 2020, ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da za ta ɗora aikata ta'addanci a kan irin waɗannan wasanni, duk da ta yarda akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin rai. Saboda haka, wanda ya tsaya a kan bindigar kaɗai ya bar jaki yana dukan taiki.

Masanin nan na Faransa, Roger Caillois, a littafinsa na 1958 kan wasanni da mutane, ya kasa wasa gida huɗu: na gasa, da na sa'a, da na kwaikwayo, da na jiri. Idan muka ɗora wasanninmu a kan wannan ma'auni, dara wasan gasa ne tsantsa. Gurabe 30 ne, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗan sarki da ɗan talaka da adadi ɗaya suke zama, kuma ba a sayen ɗa na 13. Haka langa take: kowa ƙafa ɗaya yake ɗagewa. Yara ne ke shata iyaka, su ne ke yanke hukunci idan gardama ta tashi, kuma idan doka ta cuci wani ɓangare sai a zauna a gyara ta nan take. A nan ne yaro yake fara koyon shari'a da sulhu da karɓar kaye.

A Pixel Gun 3D lamarin ya sha bamban. A fuska wasan gasa ne, amma a cikinsa akwai kasuwa. Akwai ɗaruruwan makamai da sulke, ana mallakarsu da sulalla da duwatsun ado na cikin wasa. Ɗan wasa yana iya tara su da kaɗan-kaɗan ta hanyar doguwar fafatawa, yana kuma iya sayensu da kuɗi na gaske. Akwai kuma akwatunan da ake buɗewa ba tare da sanin abin da zai fito ba. Ke nan an cusa sa'a a cikin gasa, an kuma buɗe wa aljihu ƙofa. Dokar duk wannan tana hannun kamfani. Shi ke ƙara wa makami ƙarfi ko ya rage a duk lokacin da ya sabunta manhaja, kuma yaron da ke wasa ba shi da bakin magana. Ba ƙaramar harka ba ce, domin a farkon 2022 kamfanin Nexters ya sayi Cubic Games, mai buga wasan.

Wannan tsari na akwatin sa'a ya yaɗu a wasannin waya da yawa, kuma ya tayar da muhawara a ƙasashe. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi a wasu wasannin da ta bincika caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. Kamfanin Apple tun a ƙarshen 2017 ya wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwatin, Google ya bi sahu a 2019. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shigar da larurar kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta. Al'ummar da addininta da al'adarta suka ƙyamaci caca tana da dalilin da za ta sa ido a nan fiye da kowa.

Za a iya cewa wannan aikin masana kwamfuta ne ko likitoci, ba na sashen Hausa ba. Irin wannan magana aka yi lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano. An yi zazzafar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu a kan darajarsu, kuma a yau rubuce-rubucen digiri a kan waɗannan littattafai da finafinan da suka biyo bayansu ba su ƙirguwa. Wasan da aka ƙera a wata nahiya, idan ya shigo zaure, Bahaushe ya buga shi yana zolaya da kirari da zambo da Hausa, ya zama abin nazarinmu. Menus da umarnin wasan ba da Hausa suke ba, don haka yaro yana aro, yana kwaskwarima, yana ƙirƙirar sara. Wa ke rubuta waɗannan kalmomi kafin su shuɗe?

Adalci ya sa a faɗi cewa wasan ba fanko ba ne. Yana buƙatar saurin ido da hannu, da haɗin kai tsakanin 'yan rukuni, kuma yana ba yaro damar zana kamannin mayaƙinsa da kansa, wanda ɗan'uwan ƙera motar kara ne ta wata fuska. Yaron da rashin fili ko rashin tsaro ya hana fita dandali da dare yana samun abokan wasa a nan. Wannan ma dalili ne na a yi nazari da natsuwa maimakon tofin Allah tsine daga nesa.

Shawarata ga sassan Hausa ita ce a tura ɗalibai su yi aikin fage a kan wasannin waya kamar yadda ake tura su tattaro tatsuniya. Su zauna da masu wasa, su ji yadda suke kiran makamai da nasara da kaye, su gano nawa ake kashewa a data da sayen kayan wasa, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fitowa. Su tambayi yadda ake raba gardama a wasan da alƙalinsa manhaja ce. Daga nan ne za mu iya faɗa wa iyaye da hukumomi magana mai tushe, mu kuma ba matasanmu masu ƙera manhaja abin dogaro idan suka tashi mayar da dara ko langa cikin waya. Sharaɗin da za mu gindaya musu shi ne wanda kakanninmu suka bar mana a gurbin dara, wato kowa ya zauna da 'ya'ya 12.