Kafin Mu Sa Ɗan Masunci Ya Sayar Da Awakinsa

Maƙalar wannan mako faɗa ce, kuma da kanmu za mu yi faɗan, don haka kowa ya gyara zama.

A 'yan watannin nan wani yayi ya shigo mana, wato rubutu a kan na'urar gano kifi. Mutum zai kalli bidiyo biyu a YouTube, ga Bature zaune cikin ɗan jirginsa na roba a wani tafkin Amurka yana nuna ƙaramin allo, hotunan kifaye na wucewa. Sai ya dawo ya zuba mana shafi uku, wai ga fasahar da za ta raba masuntanmu da talauci, ya rufe da kira ga gwamnati ta sayo ta raba. Mu kuma mu bi shi da "Allah ya ƙara basira". Babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa sa ƙafa a kwalekwale.

Da abin ya tsaya a tsakaninmu da sauƙi. Amma kwanaki wani ƙaninmu daga yankin Ajingi, wanda a gidansu gadon su aka yi kaka da kakanni, ya tare mu a tashar Gaya yana tambayar inda ake samun na'urar a Kano. Ya karanta irin wannan rubutu namu, har ya sa wa awakinsa biyu kuɗi. Muka tambaye shi zurfin ruwan da yake shiga, ya ce da rani wani wurin iya ƙugu, wani wurin iya wuya. A nan jikinmu ya yi sanyi, don mun san wanda ya rubuta abin da yaron ya karanta bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba.

To bari mu faɗi abin da ya kamata a ce an faɗa tun farko. Na'urar nan ba ta da ido. Kashi biyu ce: allon da ake kallo, da wani ɗan dunƙule da ake tsomawa a ruwa, mu kira shi kunne. Kunnen yana aika sauti ƙasa, sautin ya bugi abu ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ya ɗauka. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, da haka take sanin nisa. Abin da ta fi ji a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Hoton kifin nan da ke ruɗar mu a bidiyo zato ne na na'urar. Kumfa, ciyawa, reshen da ruwa ya kwaso, duk tana iya zana su a matsayin kifi, musamman masu arhar.

Sannan sautin fita yake kamar hasken cocila, ƙanƙani a baki, yana faɗi yana nisa. A yawancin ƙananan na'urorin, siririn sautin da ya fi nuna abu tar yana rufe faɗin da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan ba. A ruwa mai zurfin mita 15, kana leƙa fili mai faɗin mita 5. A ruwa mai mita 2, santimita 70 ne kacal. A ruwa iya ƙugu kuwa, abin da kake gani bai fi faifai ba, kuma kifin da ke ƙarƙashin jirgin ya riga ya ji motsin filafili ya kama gabansa. Akwai sauti mai faɗi a wasu, amma hotonsa dishi-dishi ne. Birgin da masunci yake watsawa da hannu ɗaya ya fi wannan cin fili nesa ba kusa ba.

Kuma wane kifi muke nema? Tarwaɗa ce abincin kasuwarmu, ita ake bandawa a kai Wudil ranar Juma'a. Tarwaɗa kuwa kwanciya take a ƙasa, ta manne da laka, jakar iskarta ma 'yar ƙarama ce, sai ta saje da ƙasan kogin a allo. Gaiwa ba a maganarta, a cikin taɓo take yin rani. Karfasa tana son gefe, cikin ciyayi, daidai inda na'urar ke rikicewa. Ashe kifin da Bature ya nuna mana yana shawagi a tsakiyar ruwa ba shi ne a kwandonmu ba.

Mu zo kan ɗaurawa, inda kwafe-kwafenmu ya fi tona mana asiri. Mun karanta a rubutun wani ɗan uwa cewa a liƙa kunnen da gam a cikin jirgi, a ƙasan ciki, sauti zai ratsa. Gaskiya ne, a jirgin roba ko na faiba mai bango ɗaya. Kwalekwalenmu fa? Katako ne, katako kuma yana da iska a cikinsa, yana shanye sautin. Wanda ya bi wannan shawara ya yi asarar gam da kunne gaba ɗaya. A jirgin katako dole kunnen ya shiga ruwa kai tsaye: a ɗaure shi a jikin sanda ko guntun fayif, a kama shi a gefen jirgin, fuskarsa tana kallon ƙasa sak, ya nutse yadda kumfa ba za ta bi ta ƙarƙashinsa ba, kuma a yi shi yadda za a iya ɗaga shi idan an zo kan yashi. Nesa da inda ake jan kalli da mamari, in ba haka ba ƙugiya ɗaya ta tsinka wayar an gama. Wuta kuma bolt 12 take so. Batirin babur zai kai ta yini, amma sai an sa shi a bokiti mai murfi, an sa fis a wayar, kuma sai an san inda za a yi caji. Wane ne cikinmu ya rubuta kuɗin cajin? Wa ya rubuta cewa in allon ya mutu, mai gyaran waya ba shi da kayansa? Garmin Striker 4, wadda ake kira mai arha, kuɗinta ya haura dala 100 a can inda ake sayar da ita, kafin jigila da ribar ɗan kasuwa. Mai karatu ya buga da canjin yau ya ga awaki nawa ke nan.

Babban abin da ke ba mu haushi ma ba wannan ba ne. Rubutun namu ya ɗauka cewa matsalar masunci ita ce bai san inda kifi yake ba. Subhanallah. Mutumin da ya san kowane gurbi a kogin nan da sunansa, wanda ke duba launin ruwa ya ce yau ba rana ba ce, shi ne za mu koya wa inda kifi yake kwana? Ku zauna da dattawan masunta ku ji kukansu. Za su ce kifin ne ya ragu. Kogin da ya ratsa Wudil ya bi ta yankin Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja ba shi ne kogin da kakanninsu suka sani ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tun daga nan tafiyar ruwan ta koma hannun masu buɗe ƙofa. Cikar damina da ke malala fadama, inda kifi ke zuba ƙwai 'ya'yansa su girma, ta sauya. Can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ga kuma laifin da ke cikin gida: raga mai ƙaramin ido, har da gidan sauro, tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba, alhali dokar kamun kifi ta 1992 ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, in ban da 'yan keɓantattun wurare, ta kuma hana guba da abin fashewa. Wannan labari yana nan a ƙofar gidanmu, ba mu rubuta shi ba, saboda sai an hau mota an je an zauna a rana. Na YouTube kuwa ana kwance a katifa ake yin sa.

Mun san za a ce muna ƙin ci gaba. A'a. Masuncin nan da waya yake cinikin kifinsa, da fitilar sola yake fita da asuba, ba wanda ya yi masa lacca kafin ya karɓe su, don ya ga amfaninsu da idonsa. Na'urar ma tana da wurinta. A ruwa mai zurfi da faɗi irin na Tiga, tana aiki. Ko a koginmu, tana faɗin zurfi daidai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne lokacin cikar ruwa, ko a wuraren da masu haƙar yashi suka bar ramuka a ƙasan kogi. Idan ƙungiyar masunta ta haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya, da sanin Sarkin Ruwa, aka gwada ta damina ɗaya da rani ɗaya, aka rubuta abin da aka gani, wallahi mu ne za mu fara yaɗawa. Abin da muka ƙi shi ne marubuci ya ari bakin mai talla ya ci masa albasa, a kan dukiyar wanda ba zai iya jure asara ba.

Muna ta gardama a nan kan ƙa'idar rubutu, ina ake raba "da" ina ake haɗewa, kuma yana da kyau. Amma cikinmu mutum nawa ne zai iya bambance homa da birgi, ko taru da kalli, ko ya faɗi yadda ake kafa gura? Labaranmu cike suke da jarumai masu kamfani a Dubai, masunci kuwa in ya fito sai dai a ce "wani mai kama kifi". Kalmomin suna nan a bakin mutane, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Kano.

Daga wannan mako, duk wanda zai kawo mana rubutu a kan wannan na'ura, ya fara da gaya mana sunan ruwan da yake magana a kai, zurfinsa da rani da damina, irin jirgin, da irin kifin. In babu, za mu mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Shi kuwa ƙanin namu, mun ce ya bar awakinsa su haihu tukuna. Ya yi dariya, ya ce dama babansa ya riga ya ce masa in kuɗi ne ke damunsa, ya sayo zare a gyara kallin da ya yage tun bara.