Tsadar ragon layya daga cikin tunkiya take farawa

A watan Mayun 2025, ana daf da Babbar Sallah, gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi zuwa ƙetare. Kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'adua da Illela sun ji a jikinsu, haka ma ma'aikacin da ke lissafin rago da albashinsa. Matakin ya nuna cewa tumakinmu ba sa hayayyafa gwargwadon buƙatarmu.

Tunkiya takan ɗauki ciki na kimanin wata 5, kuma idan ba ta da ciki, takan nemi rago kusan duk bayan kwana 17. Tumakin Turai suna da lokacin barbara a shekara, amma Yankasa da Uda da Balami suna iya ɗaukar ciki a kowane lokaci. Abin da ke karya wannan baiwa shi ne yunwa da zafi. Daga Maris zuwa Mayu ciyawa ta ƙare, rana ta ƙwalle, tunkiya ta rame. Zafin yana kashe ciki tun yana ɗanye, yana kuma raunana maniyyin rago har tsawon makonni.

Likitocin dabbobi suna da dabarar daidaita barbara. Ana sanya wa tunkiya soso mai sinadarin furojestaron a farjinta na kwana 12 zuwa 14, a cire, a yi mata allurar da ke sa ta saki ƙwai. Garke guda sai ya nemi rago cikin kwana biyu zuwa uku, ya haihu kusan tare, tagwaye su ƙaru. Mai kiwo zai iya auna haihuwar ta faɗo lokacin da abinci ya wadata.

Sai dai maganin yana da sharaɗi. Ramammiyar tunkiya ko ta ɗauki tagwaye, da wuya ta shayar da su. Wata allurar kuma tana jawo ɓari idan akwai ƙaramin ciki, shi ya sa ba aikin mai shagon magani ba ne.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, wadda aka kafa a 2024, da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika su fara daga tushe: harawa da dusa makonni biyu zuwa uku kafin barbara, da inuwa, da ruwa, da rigakafi. Ɗan kasuwar da ke son zuba jari a kiwon tumaki shi ma ya fara tanadar rumbun harawa kafin ya tambayi kuɗin allura.