Ramin kurege da darasin da China ta koya daga pika

Pika wata 'yar dabba ce dangin zomo, mai gajerun kunnuwa, da ke zaune a tsaunuka masu sanyi. Irin na Amurka ba ya haƙa rami, sai dai ya laɓe a tsakanin tarin duwatsu, kamar yadda rema ke yi a duwatsun Arewa. Na tudun Tibet kuwa mahaƙi ne, kuma wannan ɗabi'a ce ta jawo masa bala'i.

Fiye da shekara 50 hukumomin China suna zuba masa guba a lardin Qinghai, bisa zargin yana cinye ciyawar dabbobi. Daga baya bincike, musamman na Andrew Smith na Jami'ar Jihar Arizona, ya nuna cewa a ramukansa ƙananan tsuntsaye ke sheƙa, domin babu itatuwa a wurin, kuma shi ne abincin dila da shaho. Inda aka ƙarar da shi, ruwan sama ya rage shiga ƙasa, yana gudu a kanta. A wannan yanki ne kogunan Yangtze da Mekong suke tasowa.

Zancen ya shafi Kazaure da Roni da Gwiwa, inda ruwan damina ke gangarowa daga duwatsu, da Babura mai rairayi a iyakar Nijar. Mahaƙan nan su ne kurege da gafiya. Manomi na da hujjar ƙin su, don kurege kan tone irin gyaɗa tun bai tsiro ba, kuma ba wanda zai ce a bar ɓera a rumbu a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke kisa. Amma tsare rumbu daban, watsa guba a daji daban. Gubar ba ta tsayawa kan wanda aka nufa. Shaho da mujiya da ke rage ɓeraye su ma suna ci ta cikin mushe. Cinna wa daji wuta da rani don farautar gafiya kuwa tsirara yake barin ƙasa.

Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. An fi auna nasararsa da yawan dashe. Ya kamata malaman gona su haɗa da batun guba da ƙonan daji a wa'azinsu, tunda dashen ba zai kama a ƙasar da ruwa ba ya shiga ba.