Gyare Abincin 'Yan Tsaki Ne, Amma Shi Kaɗai Bai Isa Ba

A Ingila da Amurka akwai masu ajiye ƙadangare da hawainiya a gida don sha'awa, har da kuɗinsu suke sayen gyare suna ba su. Mutumin Gaya in ya ji haka dariya zai yi. To, a dakata da dariyar tukuna, gama gyaren nan da ke cika dare da kuka a Gaya da Ajingi lokacin damina, shi ne abin da 'yan tsaki da 'ya'yan zabi suke bukata.

Busasshen gyare fiye da rabinsa furotin ne, watau abin da ke gina tsoka. Gero da dawa kuwa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 kaɗai gare su. Mai watsa wa 'ya'yan zabi tsaba zalla, sa'an nan ya zargi ruwan sama in sun ƙi girma, lalle bai yi wa damina adalci ba.

Sai dai masu ƙadangaren nan sun gane wani abu. Gyare yana da ƙarancin kalsiyam, abin da ke ƙarfafa ƙashi. Ƙadangaren da aka ciyar da gyare zalla ƙashinsa yakan yi laushi, saboda haka sukan barbaɗa wa gyaren garin kalsiyam kafin su ba shi. Kaza mai ƙwai ma tana bukatarsa ƙwarai. A ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai, a daka, a cuɗa da dusa.

Yara su riƙa kamowa da yamma, amma ban da gonar waken da aka yi wa feshin magani. Gyaren can yana iya kashe 'yan tsaki.