Wanda Bai Karanta Ba Ya Dakata Da Yanke Hukunci

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu kallon majigin zane na Japanawa a cikinmu, kuma na ga idan ba a tanka ta ba za ta zauna daram kamar gaskiya. Maganar kuwa ita ce wai majigin Fruits Basket na shekarar 2001 shi ne na ainihi, shi ne mai daɗi, wanda aka sake yi daga baya kuwa wai ya cika baƙin ciki, ya ɓata wasa. Da na bincika sai na tarar yawancin masu faɗin haka ba su taɓa buɗe ko juzu'i ɗaya na littafin da aka ciro majigin daga cikinsa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a cikinsu har da 'yan ajinmu, waɗanda kullum ake koya musu cewa ba a yi wa labari hukunci sai an koma tushensa.

Domin amfanin mai karatu da bai san zancen ba, bari in ɗan warware. Wata mata ce mai suna Natsuki Takaya ta rubuta labarin ta kuma zana shi, ana buga shi kashi-kashi a mujallar Hana to Yume tun daga 1998 har zuwa 2006, aka tara shi cikin juzu'i 23. Labarin wata yarinya ce marainiya, Tohru Honda, wadda mota ta kashe mahaifiyarta, ta koma kwana a tanti cikin daji tana aikin shara da dare don ta biya kuɗin makaranta. Ashe dajin na zuriyar Sohma ne, su kuwa suna da wani asiri. Mutum goma sha uku a cikinsu suna ɗauke da kurwar dabbobi goma sha biyu na lissafin shekarun Sinawa, da kuma kyanwa, wadda tatsuniya ta ce ɓera ya yaudare ta har ta rasa biki. Duk wanda yake ɗauke da wannan la'ana, da zarar wani jinsi daban da ba na cikinsu ba ya rungume shi, sai hayaƙi ya tashi ya rikiɗe ya koma dabbarsa. Yuki ɓera ne, Kyo kyanwa, Shigure kare. Bayan ɗan lokaci sai mutum ya dawo siffarsa ba ko zane a jikinsa, yarinya ta ruga tana rufe ido.

To, wannan abin dariya ne, ban musa ba. Kamfanin Studio Deen da darakta Akitaro Daichi sun iya shi ƙwarai a kashi 26 da suka nuna a 2001, kuma ni ma na yi dariya. Amma ku lura da shekara. A 2001 marubuciya ko rabin labarinta ba ta kai ba, saura shekara biyar ta ajiye alƙalami. Wato masu majigi sun ɗauki tuwo tun yana kan wuta, da suka ga babu miya sai suka kaɗa tasu suka zuba. Mutum biyu daga cikin masu la'anar, Rin mai kurwar doki da Kureno mai kurwar zakara, ko inuwarsu ba a gani ba a wannan majigi, alhali kuwa su biyun nan ne suke riƙe da mabuɗin labarin.

Na san abin da abokan jayayyata za su ce. Za su ce ai a na 2001 ma akwai kuka: ga Momiji, yaron da uwarsa ta rungume shi ran haihuwa ya koma zomo a hannunta, ta tsane shi har aka shafe mata tunaninsa, ga likita Hatori da aka raunata wa ido don ya nemi izinin aure. Gaskiya ne, duk an nuna. Sai dai an nuna rauni an ɓoye hannun da ya yi shi. Shugaban gidan, Akito, an mayar da shi wani saurayi marar lafiya wanda aka ce masa ba zai yi tsawon rai ba, don haka yake hucewa a kan jama'a, a kashi na ƙarshe Tohru ta yi masa 'yan kalamai masu taushi, shi ke nan aka tashi. Mai kallo ya tafi gida da tunanin cewa matsalar gidan Sohma ciwon mutum ɗaya ce.

Littafi kuwa ba haka ya ce ba. A littafi Akito mace ce, wadda uwarta Ren ta sa aka rene ta a matsayin namiji saboda kishi, ubanta kuma ya cika mata kunne tun tana ƙarama cewa an haife ta ne domin dabbobin nan su so ta, ba za su taɓa barinta ba. Dattawan gida da barori suka ɗaure wa wannan magana gindi, suka miƙa wa ƙaramar yarinya ikon da babu mai ja da shi. Da la'anar Kureno ta warware da kanta, sai tsoro ya kama ta, ta gane igiyar tana tsinkewa, ta shiga ƙara ɗaure kowa. Ta kulle Yuki a ɗaki mai duhu yana yaro. Ta tunkuɗo Rin ta taga. Kyo kuwa an riga an tanadar masa ɗakin da za a tsare shi har mutuwa da zarar ya gama sakandare, kamar yadda aka yi wa mai kurwar kyanwa da ya gabace shi, kuma sauran 'yan'uwan sun sani, sun yi shiru, domin kowannensu yana samun sauƙi idan ya tuna akwai wanda ya fi shi wulaƙanta. Wannan shi ne labarin, jama'a: gida ne da ake kiran ɗauri zumunci, kowa yana gani, babu mai iya buɗe baki. Duk wanda ya taɓa zama a babban gida ya san ba sai an je Japan ba kafin a fahimci wannan.

Ga kuma abin da ya sa nake cewa wanda bai karanta ba bai san me yake yi wa dariya ba. Can wajen ƙarshen littafi sai a bayyana cewa Kyo ya san mahaifiyar Tohru tun yana yaro, kuma yana tsaye kusa da ita ranar da motar ta taho. Ya ga motar. Da ya fizgo ta zuwa jikinsa da ta tsira, amma da ya koma kyanwa a tsakiyar titi kowa yana kallo. Ya yi jinkiri, mota ta buge ta. Wato rikiɗar nan da muka sha dariyarta tun daga juzu'i na ɗaya, ita ce ta mayar da Tohru marainiya, kuma yaron da take so yana ɗauke da wannan a ransa duk lokacin da suke cin abinci tare. Ta yaya mutum zai ce majigin da bai san da wannan ba shi ne na ainihi?

Ita kanta marubuciyar ta ba da amsa a aikace. Da kamfanin TMS Entertainment ya zo sake yin majigin, ta nemi a canza ma'aikata da masu muryoyi baki ɗaya, ta kuma sa ido a kan aikin. Aka nuna kashi 63 daga 2019 zuwa 2021, aka kai labari ƙarshensa. Idan mai abu ta ce a sake daga farko, ban ga dalilin da zai sa ɗan kallo ya fi ta sanin wanne ne nata ba.

Kada kuma a ɗauka ina wanke sabon majigin ko littafin. Zango na uku kashi 13 kawai aka ba shi, aka yi ta gudu kamar ana kora, har sai da aka ware labarin iyayen Tohru aka yi masa fim dabam a 2022. Shi ma labarin iyayen ban yarda da shi ba: malami mai koyon aiki ya ƙulla soyayya da ɗalibar da ba ta shiga babbar sakandare ba, marubuciya kuma ta shafa wa abin zuma. Haka nan na ga an yafe wa Akito da araha, bayan duk ɓarnar da ta yi. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne Rin, wadda ta ƙi yafewa, kuma marubuciyar ba ta tilasta mata ba. Amma ku duba, duk wannan suka da nake yi, sai da na karanta na samu bakin yinsa. Mai riƙe da na 2001 ba shi da ko Rin ɗin da zai kafa hujja da ita.

Mu da muke zama a aji muna tattauna yadda littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma wasan kwaikwayo, ya kuma koma fim a hannun Adamu Halilu a 1976, babu malamin da zai karɓi takardar ɗalibin da ya kalli fim kawai ya zo yana sharhi a kan littafi. Sifili zai ba shi, mu kuma mu ce ya yi daidai. Ban san ranar da aka sassauta wannan ƙa'ida don labari ya fito daga Japan ba, ko don an zana shi da hannu.

Saboda haka duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da yake da ja, shafin mujallar nan a buɗe yake, edita kuma ba ya ƙin takarda. Sharaɗina ɗaya ne: a farkon martaninsa ya faɗa mana juzu'i nawa ya karanta cikin 23.